Daga Juji Zuwa Matsuguni: Tarihin Masu Tsintar Tsumma a Faris

Tsintar tsumma tsohuwar sana'a ce a birnin Faris na ƙasar Faransa. Masu yin ta su ne mutanen da ke bin tituna da dare ko da asuba suna tona sharar da gidaje suka zubar, su ware tsummoki da ƙasusuwa da kwalabe da guntayen ƙarfe, su kai wa dillali ya auna ya biya su. Faransawa na kiran su chiffonniers, kuma aikinsu ya yi daidai da na waɗanda ake ce wa 'yan jari bola ko 'yan gwangwan a garuruwan Hausa. Sana'ar ta kai ganiyarta a ƙarni na 19, ta durƙushe a farkon ƙarni na 20, sannan ta farfaɗo bayan Yaƙin Duniya na Biyu a hannun marasa matsuguni na ƙungiyar Emmaüs. A duk waɗannan zamunna abu biyu ne ke riƙe da makomar masu sana'ar: kuɗin da masana'antu suka yarda su biya a kan abin da aka yar, da wurin da hukuma ta yarda talaka ya kwana.

Abin da ya sa tsumma ya yi kuɗi

Takarda ce tushen sana'ar. Tun daga ƙarni na 14, lokacin da aka fara kafa masana'antun takarda a Faransa, musamman a yankin Troyes, har zuwa tsakiyar ƙarni na 19, da tsofaffin tufafi ake yin takarda a Turai. Akan jiƙa tsummokin lilin da na auduga da tsofaffin igiyoyi, a bar su su ɗan ruɓe, a kirɓa su da manyan guduma da ruwan kogi ke juyawa har su zama kamar kunu, sannan a ɗebo da rariya a matse a shanya. Da aka ƙirƙiro injin ɗab'i a Jamus wajen 1450 buƙatar takarda ta ƙaru, da kuma Nicolas-Louis Robert ya ƙera injin da ke fitar da doguwar takarda ba yankewa a 1798 sai ta ninka. Jaridu masu araha, irin su La Presse da aka kafa a 1836 da Le Petit Journal a 1863, suka riƙa lashe takarda fiye da yadda aka taɓa gani. Tsumma ya yi daraja har gwamnatoci suka riƙa hana fitar da shi ƙasar waje ko su ɗora masa haraji mai nauyi.

Bayan tsumma, ƙashi ne ya fi kawo kuɗi. Manyan ƙasusuwa masu kyau akan sassaƙa su a yi maɓallai da mataji da ƙotar wuƙa. Sauran a dafa su a kwashe kitsen don sabulu da kyandir, a fitar da gam na kafintoci. Abin da ya rage a ƙona shi a rufaffiyar tukunya ya zama gawayin ƙashi, wanda matatun sukari ke tace ruwan sukari da shi don ya fito fari tas. Buƙatar wannan gawayi ta tashi ne tun zamanin Napoleon, lokacin da yaƙi da Ingila ya toshe hanyar sukarin rake daga tsibiran Karibiyan, Faransa ta koma tatsar sukari daga saiwar betterave, wani tsiro da ake nomawa a ƙasashe masu sanyi. Daga ƙashi kuma ake samo sinadarin da ake sa wa kan ashana. Tsummokin ulu ba su yin takarda, amma daga 1813, da Benjamin Law ya gano hanyar yayyaga su a sake kaɗa zarensu a garin Batley na Ingila, su ma suka sami kasuwa.

Ƙananan abubuwa ma kowanne da mai sayensa. Fatar zomo ta masu yin huluna ce, gashin da mata suka taje suka yar na masu haɗa hular gashi ne. Fasassun kwalabe a mayar da su masana'antar gilashi. Gwangwanin kifi a narke dalmar da aka liƙe shi da ita, a yanka sauran a yi wa yara kayan wasa. Busasshen burodi a sayar wa masu kiwon kaji da zomaye. Hatta guntun sigari yana da masu tsintarsa na musamman, da kasuwarsu a dandalin Maubert.

Yadda ake aikin

A mafi yawan ƙarni na 19, a bakin titi gidajen Faris ke zubar da shara da dare, keken doki ya zo da safe ya kwashe. Tsakanin zubarwa da kwashewa nan ne lokacin mai tsinta. Kayan aikinsa uku ne: babban kwando da yake goyawa a baya, sanda mai ƙugiyar ƙarfe a baki, da fitila da yake riƙewa ƙasa-ƙasa. Yakan tsaya a kan tsibin shara ya haska, ya barbaza da ƙugiya, ya soki abin da yake so ya cilla ta saman kafaɗa cikin kwando ba tare da ya waiwaya ba, ya wuce tsibi na gaba. Idan kwando ya cika ya koma gida ya juye, ya sake fita kafin kekuna su riga shi.

Rabin aikin a gida yake. Iyali duka sukan zauna a ƙasa su ware kayan: farin tsumma daban, mai launi daban, lilin daban da auduga, ulu daban, domin farin lilin mai tsabta ya fi kowanne tsada. Abin da ya jiƙe a shanya shi a igiya, sau da yawa a cikin ɗakin da ake kwana ake kuma dafa abinci. Sai an gama wannan a kai wa dillali.

Sana'ar hawa-hawa ce. A ƙasa akwai mai yawo, wanda ba shi da titin da zai ce nasa ne, duk inda ya riga wani nan ne rabonsa. Sama da shi akwai mai gurbi, wanda ya ƙulla yarjejeniya da masu gadin wasu gidaje: yana fito musu da shara, yana share tsakar gida, su kuma su bar shi ya fara tonawa. Gurbi dukiya ce, ana sayar da shi, ana gadonsa, kuma mai gurbi a unguwar masu hali yakan mallaki amalanke har da doki. Sama da su duka akwai dillali mai sikeli da rumbun ajiya, wanda ke saye da awo ya tara ya sayar wa manyan 'yan kasuwa da ke hulɗa da masana'antu. A rumbunan nan mata ne suka fi yawa, suna yini a tsaye suna sake ware tsumma kashi-kashi cikin ƙura, kuma cututtukan huhu da na fata sun yi musu yawa. Riba mai tsoka a sama take tsayawa. Mai kwando abin da zai ci yau kawai yake samu.

Masu shiga sana'ar mutane ne da sauran ƙofofi suka rufe musu: tsofaffin sojoji, leburorin da suka rasa aiki ko suka nakasa, zawarawa, tsofaffin fursunoni, baƙi daga karkara, da 'ya'yan da aka haifa a cikinta. Ba a neman jari ko takardar shaida, kwando da ƙugiya sun isa. Marubutan zamanin da suka zauna da su sun lura da abu guda da suke taƙama da shi, wato ba su da ubangidan da ke tsaye a kansu, ba ƙararrawar masana'anta, kuma ba bara suke yi ba. A wurinsu guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Takun-saƙa da hukuma

Hukumar birni ba ta taɓa sakin jiki da masu yawon dare ɗauke da ƙugiya ba. A 1828 shugaban 'yan sandan Faris, Louis-Marie de Belleyme, ya kafa doka cewa duk mai tsintar tsumma sai ya yi rajista an ba shi lambar tagulla mai ɗauke da sunansa, ya rataya ta inda za a gani. Lambar ta zama musu shaida a gaban ɗan sanda, amma da yawa sun ci gaba da aiki babu ita, wasu kuma da ta iyayensu ko ta aro suke fita.

Rikici mafi muni ya zo a 1832. A ƙarshen Maris na shekarar annobar kwalara ta shiga Faris, ta kashe mutum fiye da 18,000 cikin 'yan watanni, har da firaminista Casimir Perier. A daidai lokacin aka fara wani sabon tsarin kwashe shara da sababbin kekuna, da ƙarin zagaye da yamma, wato kafin masu tsinta su kai gare ta. A farkon Afrilu suka fito suka tare kekunan, suka ƙona wasu, suka jefa wasu cikin kogin Seine. An tura dakaru, an yi kame, amma daga bisani hukuma ta ja da baya a kan zagayen yamman.

Bayan shekara 50 maganar ta dawo da ƙarfinta. Ranar 24 ga Nuwamba 1883 gwamnan lardin Seine, Eugène Poubelle, ya sa hannu a dokar da ta tilasta wa masu gidaje su tanadar wa 'yan haya mazubin shara. Dokar ta nemi a raba shara gida uku: mai ruɓewa, takarda da tsumma, sai gilashi da fasassun tangaran da ɓawon kawa. Ba za a fito da mazuban ba sai dab da isowar keken shara. Ta fuskar lafiya dokar ta dace da ilimin zamanin, domin binciken Louis Pasteur ya riga ya nuna yadda ƙwayoyin cuta ke yaɗuwa. Ga masu tsinta kuwa, abincinsu aka rufe da murfi. Suka yi taruka, jaridu suka ɗauki maganar, suna tunatar da jama'a cewa dubun-dubatar baki ne ke ci daga sharar idan aka haɗa da mata da yara. A Maris 1884 aka sassauta: an yarda mai tsinta ya shimfiɗa zane, ya juye mazubin a kai, ya ɗauki abin da yake so, ya mayar da sauran ciki. Sassaucin masu gurbi ya fi amfana, tunda su ke da izinin shiga tsakar gidaje; masu yawo kuwa kasonsu ya ragu ƙwarai. Mazubin dai sunan gwamnan ya bi shi, har yau poubelle Faransawa ke ce masa.

Zama a bayan ganuwa

Mai tsintar tsumma yana buƙatar fili don warewa, kuma kayansa suna wari, don haka masu gidajen kirki ba su ba shi haya. A farkon ƙarni na 19 sun taru ne a tsofaffin lunguna na kudancin kogi, wajen titin Mouffetard da dandalin Maubert da unguwar Saint-Marcel, a ɗakunan da ake biya dare-dare ko mako-mako. Wasu suka gina bukkoki a filaye irin su Cité Doré. Daga 1853 zuwa 1870 gwamnan lardin Seine na lokacin, Haussmann, ya rushe lungunan tsakiyar gari ya shimfiɗa manyan hanyoyi, kuɗin haya ya tashi, talakawa suka yi ta matsawa gefe.

Inda suka ƙare shi ne bayan ganuwa. Tsakanin 1841 da 1844 gwamnati ta kewaye Faris da ganuwar tsaro wadda aka fi sani da sunan Thiers, aka kuma hana yin gini a fili mai faɗin mita 250 a wajenta, don kada abokan gaba su sami maɓoya. Da yake an hana gini na dindindin, sai filin ya zama na waɗanda ba su da halin yin irinsa. Suka kafa bukkoki da katakon akwatuna, da gwangwanayen da aka buɗe aka daddale, da tsofaffin kekunan doki da aka cire wa ƙafafu. Ba ruwan famfo, ba magudana. Wannan zobe na bukkoki shi ake kira la Zone, kuma mai ɗaukar hoto Eugène Atget ya tara hotunan mazaunansa a wani kundi a 1913: ƙofofi da aka haɗa da kwano, tsibin buhuna, yara a tsaye kusa da amalanke. Kayan da birni ya yar da mutanen da ya kora duk a wuri guda suka haɗu.

A bakin ƙofofin ganuwar ne masu tsinta suka fara baza abin da ya fi ƙarfin a sayar da shi da awo: tsohon agogo, kujera mai ƙafa uku, takalma, tukwane. Daga nan kasuwannin tsofaffin kaya na Saint-Ouen da Montreuil da Vanves suka samo asali. Ta Saint-Ouen, wadda ake lissafa kafuwarta daga 1885, tana cikin manyan kasuwannin tsofaffin kaya a duniya a yau.

Abin da ya karya sana'ar ba doka ba ce kaɗai. Daga tsakiyar ƙarni na 19 an gano yadda ake yin takarda da itace, kuma kafin ƙarnin ya ƙare jaridu sun koma kanta, farashin tsumma ya faɗi. Sinadaran da ake haƙowa daga ƙasa da waɗanda ake haɗawa a masana'anta suka maye gurbin ƙashi, daga baya roba ta karɓe kasuwar maɓallai da mataji. Birnin ya gina wuraren niƙa shara da ƙona ta a Saint-Ouen da Issy-les-Moulineaux da Romainville da Ivry. Daga 1919 aka fara rushe ganuwar, aka riƙa tashin mazauna la Zone kaɗan-kaɗan, har aka shimfiɗa babbar hanyar da ta kewaye Faris a wurin, wadda aka kammala a 1973.

Kafuwar Emmaüs

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Faransa ta shiga matsanancin ƙarancin gidaje. Yaƙi ya rushe dubun-dubatar gine-gine, dokokin ƙayyade kuɗin haya tun daga 1914 sun sa masu kuɗi sun daina gina gidajen haya, ga haihuwa ta ƙaru, ga mutanen karkara na kwararowa birane. Ƙidayar 1954 ta nuna cewa kusan gida huɗu cikin goma ba su da ruwan famfo, ɗaya cikin huɗu ne kawai ke da bayan gida a ciki, ɗaya cikin goma ke da wurin wanka. Akwai ma'aikata masu albashi da ke kwana da iyalansu a tanti ko ƙarƙashin gada.

A wannan hali ne wani limamin cocin Katolika, Henri Grouès, ya shigo labarin. An haife shi a Lyon a 1912, ya yi gwagwarmayar ɓoye da mamayar Jamus, inda ya ɗauki sunan Abbé Pierre, sannan ya zama ɗan majalisar dokoki daga 1945 zuwa 1951. Ya kama hayar wani tsohon gida a Neuilly-Plaisance, gabas da Faris, ya gyara shi ya mayar da shi masaukin matasa, ya sa masa suna Emmaüs, sunan wani ƙauye kusa da Ƙudus da aka ambata a Linjila. Tare da shi akwai Lucie Coutaz, sakatariyarsa, wadda ta riƙe lissafi da tafiyar da gidan har rasuwarta a 1982, kuma ana lissafa ta cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar.

A 1949 aka kira shi wurin wani mutum mai suna Georges Legay, wanda ya yi shekara kusan 20 a gidan gwale-gwale na Faransa a Guyane, ya dawo ya tarar ba shi da gurbi a gidansa, ya yi yunƙurin kashe kansa. Limamin bai ba shi sadaka ba. Ya gaya masa cewa ba shi da abin ba shi, amma yana neman mai taya shi gina wa iyalai marasa muhalli ɗakuna. Georges ya yarda, ya zama na farko cikin waɗanda ƙungiyar ke kira abokan tafiya. Daga baya ya bayyana cewa abin da ya rasa a lokacin dalilin rayuwa ne, ba abin rayuwa ba. A kan wannan fahimta aka gina Emmaüs: wanda aka tsamo shi ne zai tsamo wani.

Da albashin majalisa ake sayen filaye da kayan gini, ana kafa ƙananan gidaje, sau da yawa ba tare da izinin hukuma ba. Da limamin ya rasa kujerarsa a 1951 kuɗi suka ƙare, har ya fita bara a titunan Faris. Abokan tafiyar suka ƙi yarda da haka. Wasu daga cikinsu sun san tsohuwar sana'ar, suka kawo shawarar a koma mata. Aka kasu biyu: masu tona manyan jujin bayan gari suna ware ƙarfe da takarda da tsumma, da masu bi gida-gida suna kwashe tarkacen da ya cushe ɗakunan ajiya. A 1952 Abbé Pierre ya shiga gasar kacici-kacici a gidan rediyon Luxembourg ya ci faran 256,000, aka ƙara a kan abin sayen mota da fili.

Hunturun 1954

A daren 3 ga Janairu 1954 sanyi ya kashe wani jariri a cikin tsohuwar motar bas da iyayensa ke kwana a ciki a Neuilly-Plaisance, a daidai lokacin da majalisa ta jingine buƙatar ware kuɗin gina gidajen gaggawa. Abbé Pierre ya rubuta wa ministan gidaje, Maurice Lemaire, buɗaɗɗiyar wasiƙa a jaridar Le Figaro yana gayyatarsa jana'izar, ministan kuma ya zo. A ƙarshen watan sanyi ya tsananta, ya wuce digiri 10 ƙarƙashin sifili a Faris. Abokan tafiya suka riƙa zagaya tituna da dare da barguna da miya mai zafi.

Ranar 1 ga Fabrairu 1954 limamin ya yi kira ta rediyon Luxembourg. Ya ba da labarin wata mata da aka tsinci gawarta a titin Sébastopol, sanyi ya kashe ta, tana riƙe da takardar da aka tashe ta daga gida da ita. Ya roƙi barguna 5,000, da manyan tantuna 300, da murhun ɗumama ɗaki 200, a kai otal ɗin Rochester. Kafin dare wurin ya cika maƙil. Aka buɗe wasu tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa don mutane su kwana, aka mayar da tashar jirgin Orsay rumbun tara kaya. Cikin 'yan makonni aka tara kusan faran miliyan 500, daga baya kuma ɗan wasan kwaikwayo Charlie Chaplin ya ba da miliyan 2. Majalisar da ta yi jinkiri a Janairu ta amince da faran biliyan 10 don gina gidajen gaggawa 12,000. A Disamba 1956 aka kafa dokar hana tashin ɗan haya a lokacin hunturu, wadda a yau take aiki daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris.

Ba duk abin da aka gina a gaggauce ne ya yi kyau ba. Gidajen gaggawar da yawa sun lalace da wuri. Sansanin Noisy-le-Grand, inda aka zaunar da iyalai kusan 250 a rumfuna masu rufin baka da niyyar ɗan lokaci, ya kai har farkon shekarun 1970. A can ne wani limami, Joseph Wresinski, ya kafa a 1957 ƙungiyar yaƙi da talauci da daga baya ta zama ATD Quart Monde.

Tsarin gidajen da yaɗuwarsu

Gidan Emmaüs yana karɓar wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa idan akwai gado, ba a tambayar addininsa ko ƙasarsa ko abin da ya aikata a baya. Ana ba shi ɗaki da abinci da ɗan kuɗin kashewa duk mako, shi kuma ya yi aiki gwargwadon ƙarfinsa: tuƙa motar kwaso kaya, warewa, gyaran kujeru da kekuna da na'urori, ko tsaron shago. Yana iya kwana kaɗan ya wuce, yana iya zama har tsufa. Ƙa'idar ita ce gida ya ci da kansa daga cinikinsa, abin da ya yi saura a taimaki waɗanda suka fi shiga wuya. Da tafiya ta yi nisa aka bar tona juji, aka dogara ga kayan da mutane ke bayarwa kyauta.

Irin waɗannan gidaje sun bazu zuwa wasu ƙasashen Turai da Kudancin Amurka da Asiya da Afirka. A 1963 jirgin ruwan da Abbé Pierre ke ciki ya nutse a Río de la Plata, ya tsira da ƙyar, abin da ya nuna cewa shi kaɗai ne igiyar da ta haɗa ƙungiyoyin. Saboda haka aka yi babban taro a Bern ta Suwizalan a 1969 aka amince da manufa guda, aka kuma kafa Emmaüs ta Duniya a Montréal a 1971. A yau tana da ƙungiyoyi fiye da 400 a ƙasashe kusan 40, ciki har da Benin da Burkina Faso da Togo da Kamaru. Wani reshenta, Le Relais, da aka kafa a arewacin Faransa a 1984, yana tara tufafi a akwatunan bakin titi, kuma wani kaso na abin da ya tara yana isa kasuwannin gwanjo na Afirka ta cibiyoyinsa na warewa a Burkina Faso da Senegal da Madagaska.

Halin da ake ciki

Abbé Pierre ya rasu a Janairu 2007 yana cikin mutanen da Faransawa suka fi ƙauna, kuma a Maris na shekarar aka kafa dokar da ta ba marar muhalli damar kai gwamnati ƙara. A Yuli 2024 ƙungiyoyin Emmaüs da kansu suka wallafa rahoton binciken da suka sa aka yi, inda mata bakwai suka ba da shaidar cewa ya ci zarafinsu ta hanyar lalata. Wasu shaidu da dama suka biyo baya, har da na waɗanda suke yara a lokacin, kuma takardun coci sun nuna cewa wasu shugabanni sun san da matsalar tun shekarun 1950 suka yi shiru. Ƙungiyoyin sun ce sun gaskata waɗanda abin ya shafa, aka rufe gidan tunawa da shi a Esteville, gidauniyar da ke ɗauke da sunansa ta canza suna a Janairu 2025 zuwa Gidauniyar Samar da Muhalli ga Marasa Galihu.

Aikin kansa yana fuskantar nasa matsaloli. A Faransa akwai gidaje kimanin 120, kuma da yawa daga mazaunansu yanzu baƙi ne marasa takardun zama, ciki har da 'yan Afirka. Dokar 2008 ta ba abokan tafiya matsayi na musamman wanda ba na ma'aikaci mai albashi ba, ta 2018 kuma ta buɗe musu hanyar neman takardar zama bayan shekara uku suna aiki. A 2023 mazauna wasu gidaje a arewacin ƙasar suka yi yajin aiki suna kukan aiki mai yawa da kuɗi kaɗan, abin da ya tayar da muhawara kan iyakar da ke tsakanin taimako da ci da gumin wanda ba shi da zaɓi. Ta fuskar ciniki, mutane sun koma sayar da kayansu masu kyau ta intanet, abin da ke isa Emmaüs sai ya zama tarin tufafi masu araha marasa ƙarko.

Rashin muhalli kuwa bai ragu ba. Hukumar ƙididdiga ta Faransa ta ƙirga mutum kusan 140,000 marasa gidan kansu a 2012, gidauniyar kuma ta ƙiyasta 350,000 a rahotonta na 2025, idan an haɗa da masu kwana a masaukan gaggawa. Masu tona mazuban shara sun sake bayyana a titunan Faris, akasarinsu tsofaffi masu ƙaramin fansho da baƙi. Suna baza abin da suka samu a gefen tsofaffin kasuwannin Saint-Ouen da Montreuil, 'yan sanda na korarsu ana kwashe kayan. A 2009 hukumar birnin ta ware musu gurbi 100 na halal a ƙofar Montmartre, adadin da bai kai kusa da yawan masu nema ba, kuma ƙungiyoyinsu na ci gaba da neman a ƙara irin waɗannan kasuwanni, a kuma amince da aikinsu a matsayin wani ɓangare na tsarin sarrafa sharar birnin.